Tambaya da Amsa: Tarihin Jaridar New Nigerian da Ɗaurin da Aka Tarar a Adaka

A wannan wata wasiƙu uku ne suka iso mini a kan magana ɗaya, biyu daga Zamfara, ɗaya daga Kebbi, saboda haka na haɗa su wuri guda na ba su filin baki ɗaya. Masu sauran tambayoyi su yi mini haƙuri sai fitowa ta gaba.

TAMBAYA TA FARKO

Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne, ina zaune a Tudun Wada cikin garin Gusau. Kakanmu ya rasu bara, kuma ya yi aikin akawu tun zamanin En'e har ya yi ritaya a ƙaramar hukuma. Da aka zo fitar da kayansa don rabon gado, sai aka buɗe wata adakar ƙarfe da ke ƙarƙashin gadonsa, aka tarar da ɗauri-ɗaurin wata jaridar Turanci mai suna New Nigerian, an ɗaure su da igiyar rama, wasu sun yi jawur, wasu kuma gara ta ci gefensu. Gwaggonnina sun ce a miƙa wa mai ƙosan ƙofar gida, ni kuwa na roƙa aka bar mini. Ina neman a ba ni tarihin wannan jarida, a kuma gaya mini abin da zai sa dattijon da Hausa yake yi dare da rana ya adana jaridar Turanci kamar takardar gona.

AMSA

Wa alaikumus salamu. Allah ya jiƙan Malam, ya kyautata makwancinsa. Kai kuma, ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tsakanin waɗannan takardu da kaskon mai ƙosai, domin ba ƙaramin kaso na tarihin ƙasar nan ne ya bi ta wannan hanya ba, aka naɗe tsire da shi, aka ci, aka jefar a kwata.

New Nigerian ta fara fitowa ranar 1 ga Janairu 1966 a Kaduna, kuma gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta a ƙarƙashin Firimiya Sa Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Sai dai tushenta yana Zariya, shekara ashirin da bakwai kafin wannan rana. A watan Janairu 1939 aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a can, Malam Abubakar Imam yana edita, Dokta Rupert East na Hukumar Talifi yana lura da aikin. A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a unguwar Tukur-Tukur ta Zariya, sannan a 1948 kamfanin ya fito da ƙanwar Gaskiya mai magana da Turanci, wadda aka raɗa wa suna Nigerian Citizen. Wannan ita ce uwar jaridar da ka tarar a adakar kakanka.

Dole ka tambaya, tun da akwai Gaskiya, kuma ana karanta ta daga fada har rumfar kasuwa, me ya kawo buƙatar wata ta Turanci? Dalili shi ne gardamar yadda za a tsara Nijeriya ba da Hausa ake yin ta ba. A Legas ake yin ta, a shafukan Daily Times wadda take fita tun 1926, da West African Pilot da Dokta Azikiwe ya kafa a 1937, sai kuma Nigerian Tribune ta Cif Awolowo da ta biyo baya a Ibadan a 1949. Gaskiya tana iya yi wa mutumin Bunguɗu bayani ya gamsu, amma Gwamna a Legas da jami'an ofishin mulkin mallaka a Landan ba su karanta ta, don haka duk abin da jaridun Kudu suka faɗa game da Arewa shi ne yake isa kunnensu ba tare da mai mayar da martani ba. Shugabannin Arewa sun ɗanɗana ɗacin wannan a 1953, lokacin da Anthony Enahoro ya kawo shawara a majalisa cewa a ba ƙasar mulkin kai a 1956, Sardauna kuma ya nemi a gyara ta koma "da zarar hali ya yi". An yi wa wakilan Arewa ihu a titunan Legas, jaridun can suka yi musu ca, kuma zafin abin bai huce ba sai da ya kai ga tarzomar Kano a watan Mayu na wannan shekara. Wanda aka yi wa haka ba sai an koya masa amfanin samun bakin da zai yi magana da harshen da abokin gardamarsa yake ji ba.

Nigerian Citizen ta yi iya ƙoƙarinta, amma ba kullum take fita ba, kuma jaridar da ba ta fita kullum ba ta iya tsere da mai fita kowace safiya, kafin ta ba da amsa an wuce wurin. Wannan ne ya sa bayan samun 'yancin kai gwamnatin Arewa ta yanke shawarar kafa jarida ta kullum a Kaduna, da sababbin injina da sabon kamfani, aka ɗora wani Bature ɗan jarida mai suna Charles Sharp a kan aikin. Ita ma Gaskiya Ta Fi Kwabo aka ɗauko ta daga Zariya aka haɗa ta da sabon kamfanin. Tun da kai ɗan Gusau ne, ya kyautu ka san cewa Ahmadu Bello, wanda gwamnatinsa ta kafa jaridar, ba baƙon garinku ba ne, gama a 1938, shekarar da aka naɗa shi Sardauna, Gusau aka turo shi ya riƙa duba gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato, kuma ya yi shekaru a nan kafin a mayar da shi birni.

Kwana goma sha huɗu kacal jaridar ta yi a duniya aka kashe Sardauna a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966. Ke nan tun tana jaririya ta zama marainiya. A nawa ganin, wannan maraicin shi ne ya gina ta, ko da yake maganar tana da nauyin faɗa. An haife ta ne don ta zama kakakin gwamnatin jam'iyyar NPC ta su Sardauna, sai ga shi babu jam'iyyar, babu gwamnatin, babu Firimiyan, aka bar ta a hannun waɗansu samari masu ilimi waɗanda suke ganin amanar Arewa ce aka ba su, ba amanar wani mai mulki ba. Malam Adamu Ciroma, wanda ma'aikacin gwamnati ne kafin nan, ya zama edita a 1966, daga baya ya shugabanci kamfanin, har a 1975 aka naɗa shi gwamnan Babban Bankin Nijeriya. Malam Mamman Daura ya gaje shi a kujerar edita a 1969, bayansa kuma Malam Turi Muhammadu. Zamanin waɗannan mutum uku shi ne lokacin da tauraron jaridar ya fi haskawa.

Ka jawo ɗaya daga cikin na wancan lokaci ka dubi shafin farko. Za ka ga wani siririn rubutu ya sauko ta gefe daga sama zuwa ƙasa, faɗinsa bai wuce yatsu biyu ba. Wannan shi ne sharhin jarida, wato ra'ayin gidan, kuma yayin da yawancin jaridu suke kai nasu can ciki, ita a goshi take ajiye shi. Manyan ma'aikata da hafsoshin soja shi suke fara karantawa kafin labarai, don su san inda Kaduna ta dosa a kan maganar da ake ciki, kuma jaridar ba ta jin nauyin sukar gwamnatin Janar Gowon, musamman a shekarunta na ƙarshe. Akwai kuma wani fili na mako-mako da ake sa wa hannu da sunan Candido, sunan aro ne, mai rubutun ba ya bayyana kansa, yana yi wa manya shaguɓe da habaici irin wanda kowa ya san da wa ake amma ba a kama suna ba. Ba zan ɓoye maka ɗaya gefen ba: akwai masana tarihi da suke ɗora wa New Nigerian da Gaskiya laifin ƙara zafafa zukata a watan Mayu 1966, bayan da Janar Ironsi ya fitar da doka mai lamba 34 wadda ta rushe jihohi ta mayar da mulki dunƙule, kuma an zubar da jinin bayin Allah da yawa a tarzomar da ta biyo baya. Wanda zai yabi jaridar da ƙarfin hali, wajibi ne ya karanta wannan zargi shi ma, ya auna.

Yanzu ga dalilin adanawa. Ni kaina na riski ƙarshen wannan zamani ina yaro a Gusau. Motar jarida takan baro Kaduna tun kafin asuba, ta biyo ta Zariya da Funtuwa da Tsafe, ta sauke ɗaurinmu da hantsi, ta wuce Sakkwato. Mai sayarwa yakan shimfiɗa su a ƙasa kusa da gidan waya, ya danne kowace da dutse saboda iska, masinjoji su zo a kan kekuna su karɓi na ofisoshinsu, masu karatun kyauta kuma su kewaye shi, hannaye a baya, suna karanta rabin shafin da ya fito fili. Kwafi ɗaya yakan ratsa hannu biyar ko shida kafin la'asar, daga babban akawu zuwa ƙaramin akawu, zuwa malamin asibiti, daga nan ya ƙare a majalisar ƙofar gida. A tamu majalisar wani malamin firamare ne yake karantawa. Sai ya gyara zaman tabarau, ya karanta sakin layi ɗaya a zuci leɓensa na motsi, sannan ya ɗago ya juya shi da Hausa, dattawa suna sauraro. Idan ya daɗe bai ɗago ba, wani tsoho mai sayar da goro yakan ce, "To Malam, me Kaduna ta ce?" Ba ya cewa jarida, Kaduna yake cewa.

Ga ma'aikaci irin kakanka kuwa, abin ya wuce labari. A jaridar ake ganin sanarwar guraben aiki, da kiran masu neman tallafin karatu, da tallar kwangila, da canjin suna, da naɗe-naɗe, da bayanin ƙarin albashi irin na Udoji wanda ya girgiza kasuwanni a 1975. Mutum ba ya ajiye jarida shekara arba'in a banza. Ka bi shafukan ciki a hankali, ina kyautata zaton za ka ci karo da inda aka ja layi da biro a ƙarƙashin wani suna, ko aka kewaye wata sanarwa, kuma a nan za ka gane abin da ya sa ya ajiye wannan bai ajiye ta jiya ba. Idan gara ta cinye kwanan wata, ka dubi farashi a saman shafi: idan da harafin d aka rubuta shi, to kafin Janairu 1973 ne, zamanin fam da sule, idan kuwa da harafin k ne, an riga an shiga naira da kwabo.

TAMBAYA TA BIYU

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ni tsohon malamin makaranta ne a Argungu, na ajiye alli shekaru da dama. Gardama ce ta kaure a majalisarmu. Wani ya ce New Nigerian ba kome ba ce illa fassarar Gaskiya Ta Fi Kwabo da Turanci, wani kuma ya rantse cewa tun farko jaridar gwamnatin tarayya ce. Ina so a raba mana wannan gardama, a kuma faɗa mana abin da ya ci ta, domin rabona da in gan ta a hannun mai sayar da jarida na manta.

AMSA

Allah ya ƙara wa Malam lafiya da nisan kwana. Ina neman afuwar abokan zaman Malam, amma duka biyun ba su dace ba. Gida ɗaya jaridun biyu suka fito, injin ɗaya yake buga su, kuma labari yakan tsallaka daga wannan zuwa waccan, sai dai kowace da editanta da ma'aikatanta da masu karatunta. New Nigerian tana fuskantar ma'aikata da 'yan boko da mutanen Kudu, Gaskiya kuma tana fuskantar mai karatun Hausa, da wasiƙunsa da waƙoƙinsa da labaran garuruwa waɗanda ba za ka taɓa ganinsu a ta Turancin ba.

Maganar mallaka kuwa hawa-hawa ce. Gwamnatin Jihar Arewa ce ta kafa ta. Da aka raba ƙasa jihohi goma sha biyu a watan Mayu 1967, Arewa ta zama jihohi shida, sai jaridar ta koma hannun wata hukumar riƙon ƙwarya da aka kafa don kula da kadarorin da jihohin shida suka gada tare. Ashe ke nan mutanen Argungu ma suna da kasonsu a ciki, ta hanyar Jihar Arewa maso Yamma wadda hedkwatarta take Sakkwato. A wannan lokaci ne, a 1973, kamfanin ya buɗe maɗaba'a ta biyu a Legas, don mutumin Kudu ya sami jaridar da safe kamar yadda na Kaduna yake samu. Gwamnatin tarayya ba ta shigo ba sai a 1975, zamanin Janar Murtala Muhammed, lokacin da ta karɓe New Nigerian ɗungurungum, ta kuma karɓi kashi sittin cikin ɗari na Daily Times. Mai yiwuwa abokin Malam a wannan zamani ya fara saninta, shi ya sa ya rantse. A 2006, zamanin Shugaba Obasanjo, aka mayar wa jihohin Arewa kayansu, lokacin sun zama goma sha tara.

Abin da ya ci ta ba ciwo ɗaya ba ne, amma idan aka ce in nuna babba, zan nuna canjin ubangida na 1975. Lokacin da take hannun jihohi shida, babu gwamna ɗaya da zai ce tasa ce, kuma wanda take yawan suka yana Legas, ba shi yake biyan albashinta ba. Da ta koma hannun tarayya, sai wanda ya kamata ta sa wa ido ya zama shi ne mai naɗa shugabanninta da sauke su. Ba rana ɗaya abin ya bayyana ba, domin mutanen kirki sun ci gaba da riƙe ta, amma a Jamhuriya ta Biyu 'yan adawa da dama sun riga sun ɗauke ta a matsayin bakin jam'iyyar NPN mai mulki, kuma mai karatu, da zarar ya fara hasashen abin da jarida za ta ce tun kafin ya buɗe ta, to ya fara tunanin ko kuɗinsa ba su fi amfani a wani wurin ba.

Na san yadda irin wannan take faruwa, domin na taɓa aiki a wata jaridar gwamnati, ba wannan ba, kuma ba zan kama suna ba. Wata rana da dare mun gama haɗa shafin farko, an kai wa masu inji, babban labarinmu a kan takin zamani ne da aka ce an raba wa manoma alhali yana jibge a sito. Sai waya ta yi ƙara a ofishin edita. Bai yi magana mai tsawo ba, "To, ranka ya daɗe" kawai muka ji ya faɗa sau uku, ya ajiye kan wayar, ya zauna shiru yana kallon bango. Da gari ya waye hoton bikin buɗe rijiyar burtsatse ne a gurbin labarin. Ba a kori kowa ba, ba a ɗaure kowa ba, amma daga ranar wakilin da ya kawo labarin bai sake wahalar da kansa zuwa sito ba.

Sai kuma matsalar kuɗi. Takardar buga jarida da tawada da kayan gyaran inji daga waje ake sayo yawancinsu, kuma da darajar naira ta faɗi bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Masana'antar takardar jarida da aka gina a Oku Iboku don rage wannan dogaro ba ta yi tsawon rai ba. Jaridar gwamnati kuma tana da wata cuta tata ta daban, wato ma'aikatu su ba da talla a buga, biya kuwa sai an ga dama. Ana cikin haka ƙwararru suka riƙa ficewa. Dan Agbese, wanda ya yi edita daga 1982, ya tafi a 1984 ya shiga cikin waɗanda suka kafa mujallar Newswatch. Malam Mohammed Haruna, wanda ya shugabanci kamfanin a ƙarshen shekarun 1980, ya fita suka kafa mujallar Citizen a Kaduna a 1990. Jaridu masu zaman kansu irin su The Democrat da Today suka buɗe a Kaduna, sannan a 1998 Weekly Trust ta fito, Daily Trust ta biyo ta a 2001, kuma kusan duk mai karatun da New Nigerian ta yi renonsa can ya koma.

Mayar da ita ga jihohi goma sha tara bai zama magani ba. Malam ya san halin gonar gandu bayan rasuwar mai gida: kowane ɗa yana da haƙƙi a cikin amfaninta, amma kowa yana jiran ɗan'uwansa ya kai taki. Wani zai ce ai dā ma jihohi ne suka riƙe ta har ta yi suna, kuma gaskiya ne, sai dai a wancan lokaci lafiyayya aka ba su mai ciyar da kanta, a wannan karon kuwa majinyaciya aka sauke musu da tulin bashin albashi da na fansho. Cikin shekarun da suka biyo bayan 2010 fitowarta ta kullum ta tsaya, tsofaffin ma'aikatanta suka shiga shekaru suna bin haƙƙinsu, ita ma Gaskiya Ta Fi Kwabo abin ya rutsa da ita tun da a tukunya ɗaya suke ci.

TAMBAYA TA UKU

Salamu alaikum, Baba. Ni ɗaliba ce mai koyon aikin jarida a Ƙauran Namoda, kuma an ba ni aikin rubutu a kan jaridun Turanci na yankinmu. Shin za a iya kiran New Nigerian jaridar gida a wurinmu? Kuma a ina zan sami tsofaffin kwafinta?

AMSA

Wa alaikumus salamu, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu. Ta gida ce idan Arewa kike nufi da gida, amma idan Ƙaura ko Shinkafi ko Yawuri kike nufi, to jaridar Kaduna ce da take zuwa mana baƙunta. Al'adar jaridu ita ce su ajiye wakili a hedkwatar jiha, mu kuwa hedkwatarmu Sakkwato ce har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka yanki Kebbi, da 1 ga Oktoba 1996 da aka yanki Zamfara. Saboda haka labarin garuruwanmu yakan shiga ne idan gwamna ya kawo ziyara, ko lokacin bikin kamun kifi na Argungu, ko kuma idan wani babban abu ya auku. Wannan giɓi ne ya sa jihohi suka riƙa kafa nasu jaridun Turanci: Nigeria Standard a Jos a 1972, Nigerian Herald a Ilorin a 1973, Triumph a Kano a 1980, The Path a Sakkwato, sannan Legacy a Gusau bayan an sami jiha. Idan kika bi tarihin kowace, za ki tarar da yawancin cututtukan da na lissafa wa Malam na Argungu, har ma sun fi tsanani, gama a nan mai jaridar gwamna ɗaya ne, ofishinsa kuma bai fi tafiyar 'yan mintuna daga na edita ba.

Ga shawarar da zan ba ki don aikinki ya yi armashi, maimakon ki tattara sunaye da shekaru kawai. Ki ɗauki abu ɗaya da ya faru a ƙasarmu ki bi sawunsa a jaridu. Misali mafi kusa shi ne rikicin madatsar ruwa ta Bakolori kusa da Talatar Mafara, inda manoman da aka karɓe wa gonaki suka tashi neman diyya, har a watan Afrilu 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far musu aka rasa rayuka, kuma har yau adadin da hukuma ta bayar da wanda mutanen wurin suke faɗa ba su haɗu ba. A lokacin New Nigerian tana hannun gwamnatin tarayya, gwamnatin da aikin madatsar yake ƙarƙashinta. Ki nemo fitowar wannan wata, ki ajiye ta gefe ɗaya, ki ajiye Nigerian Tribune ta 'yan adawa a ɗaya gefen, ki duba shafin da kowace ta sa labarin, da bakin wanda ta ji, da kalmar da ta kira manoman da ita. Sannan ki je Mafara ki zauna da dattawan da suka ga abin da idonsu, tun suna raye.

Wurin nema kuwa, ki fara da Gidan Arewa da ke Kaduna, wanda tsohon gidan Sardauna ne aka mayar cibiyar binciken tarihi, da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa reshen Kaduna, da Ɗakin Karatu na Kashim Ibrahim a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Ki kuma leƙa Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato saboda takardun da suka shafi lardinmu. Ki tafi da takardar gabatarwa daga makarantarku, ki kuma rubuta watanni da shekarun da kike nema tun daga gida, domin ɗaurarrun kundayen suna da nauyi, ma'aikatan ba za su yi ta sauko miki da su a kan lalube ba.

Kafin ki kai Kaduna ma akwai ɗauri a Tudun Wadar Gusau. Ɗana mai tambaya ta farko, ka kwance igiyar ramar nan domin tana yanka takarda, ka shimfiɗa jaridun a kwance ba a naɗe ba, ka ɗaga su daga ƙasa ka nisanta su da bango saboda gara da laimar damina, kada kuma ka manna musu salatif ko ka kai a rufe su da leda mai zafi, duka biyun lalata su suke yi. Ka ɗauki hoton kowane shafi da waya a cikin inuwa mai haske, yadda kwanan wata zai fito. Idan ka gama, ka aiko mana da jerin shekarun da kake da su, ka kuma duba musamman ko akwai na Afrilu da Mayu 1980. In akwai, da izinin iyayenka, ofishin wannan mujalla zai sada hotunan da 'yar'uwarka ta Ƙaura.